Darasi Na Tara: Karatun Littafi Da Kwanciyar Hankali

In aka tambayi masu zuwa ajin yaƙi da jahilci abin da ya kawo su, amsoshin kusan iri ɗaya ne. Wani yana so ya sa hannu a takardar banki maimakon dangwale. Wata tana so ta karanta saƙon wayarta ba sai ta kira yaro ba. Wani kuma rubutun jikin kwalin magani ne ya dame shi. Duk buƙatu ne na gaskiya, kuma mun bi ta kansu a darussan baya. Yau za mu duba wani amfani da ba a cika ambatonsa ba, wato abin da karatu yake yi wa zuciyar mai karatun kansa.

Zuciya mai saƙe-saƙe

Babu magidanci ko uwar gida da ba su san daren da barci ke ƙin zuwa ba. Jiki ya gaji liƙis, amma zuciya tana ta saƙa da warwara. Ga kuɗin haya, ga zubin adashi, ga auren yarinya ya matso, taki ya yi tsada, ga kuma baƙar maganar da wani ya yaɓa maka da rana. Tunani ɗaya ake ta juyawa har asuba, ba a kai ga mafita ba. Likitoci sun tabbatar da cewa irin wannan juya tunani yana ƙara wa damuwa ƙarfi, damuwar da ta daɗe kuma tana sauka a jiki. Ƙirji ya riƙa bugawa, wuya da kafaɗu su sanƙare, kai ya yi nauyi, abinci ya fita daga rai. Mai hawan jini kuwa nasa sai ya ƙara hawa.

Zuciya kamar injin niƙa take. In yana juyawa ba a zuba masa hatsi ba, haƙoransa yake ci. Karatu yana ba ta abin niƙawa. Lokacin da kuke karatu, ido yana bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, ƙwaƙwalwa tana haɗa su su zama kalma, tana riƙe farkon magana har a kai ƙarshenta, tana kuma ƙoƙarin ganin abin da ake ba da labarinsa. Wannan aiki yana cinye hankali gaba ɗaya. Ba a iya bin labari da kyau ana kuma lissafin bashi a lokaci guda, dole ɗaya ya ba ɗaya wuri. Da hankali ya tattaru wuri ɗaya, sai numfashi ya daidaita, jiki ya saki.

Kada mu ruɗi kanmu, littafi ba ya biyan bashi. In an rufe shi, matsalar tana nan. Sai dai wanda zuciyarsa ta sami hutun rabin awa ya fi iya fuskantar matsalarsa a kan wanda ya kwana yana juyi. Yakan ma rage faɗa da iyali.

Ku da kuke sababbin masu karatu kuna da wata riba a nan. Da yawanku kuna jin nauyi saboda kuna karatu a hankali, kuna bin layi da yatsa, kuna motsa baki. Ku daina jin wannan nauyin. Wanda ya ƙware yana iya bin shafi da ido hankalinsa yana kasuwa. Ku kuwa kowace kalma sai ta ɗauke hankalinku duka, kuma wannan tattaruwar hankali ita ake nema. Sannu ba ta hana zuwa.

Shin ƙwaƙwalwar babba tana ɗauka?

Ana yawan jin mutum yana cewa, “Ni kaina ya riga ya bushe.” Masana sun duba wannan magana da na'ura. A wani bincike da aka fitar a shekarar 2010, wani masani Bafaranshe, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 63 'yan ƙasashen Birazil da Fotugal. Wasu sun yi makaranta tun suna yara, wasu sai da suka girma suka koyi karatu, wasu kuma ba su koya ba sam. Suka ga cewa ƙwaƙwalwar waɗanda suka koya da girmansu ta canja, ta fara amsa rubutu a wurin da ta masu makarantar yarinta take amsawa. Ashe da aka ce gemu ba ya hana ilimi, har a cikin kai gaskiya ne.

Akwai kuma batun gigin tsufa, wanda a asibiti ake lissafa shi a matsayin ciwo, ba wai tsufa kawai ba. Masu bincike na Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York a Amurka sun bibiyi tsofaffi 983 waɗanda karatunsu na boko bai wuce shekara huɗu ba. Wasunsu sun iya karatu da rubutu, wasu ba su iya ba. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna cewa waɗanda ba su iya karatu ba sun ninka sauran sau biyu wajen kamuwa da wannan ciwo. Ba a ce karatu yana hana tsufa ko mantuwa ba. Abin da aka gani shi ne ƙwaƙwalwar da ake ba aiki ta fi jure wa shekaru.

Kaɗaici da sirri

Wani nauyin da rashin karatu ke ɗora wa mutum shi ne rashin sirri. Takardar asibiti sai an kai wa maƙwabci, saƙon miji daga wurin ci-rani sai ɗan kishiya ya karanta. Mutum ya riƙa zargi a ransa, anya abin da aka karanta masa shi ne a rubuce? Wannan zullumi yana cin rai a hankali, ko da ba a faɗa. Ranar da mutum ya karanta takardarsa da kansa, wani abu yakan sauka daga ƙirjinsa, ya ji shi ma cikakken mutum ne.

Labari kuma yana rage kaɗaici. Matar da take takaba, ko tsohon da 'ya'yansa suka watse birane, ko majinyacin da ya daɗe a kwance, yini yakan yi musu tsawo. A cikin littafi mutum yakan tarar da wani da ya shiga irin halin da yake ciki, rashi ne ko talauci ko butulcin ɗan'uwa, ya ga yadda ya ji da yadda ya yi. Sai ya gane ba a kansa aka fara ba. Wani lokaci ma a nan zai sami kalmar da zai faɗi abin da ke damunsa, abin da ya daɗe yana ji ya kasa furtawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya saba zama da Alƙur'ani bayan sallar asuba ya san natsuwar da ke sauko masa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa rubuta waƙoƙi da ajami tana ba jajis, wato matan da ta naɗa su jagoranci koyarwa, su kai wa mata ɗalibai da ake kira 'yan taru a ƙauyuka a karanta tare. Matan suna samun ilimi, suna kuma samun zama da 'yan'uwa. Saboda haka wanda ya iya ajami kada ya ajiye shi don ya fara boko. Ya riƙe duka biyun.

A wasu ƙasashe ma abin ya shiga aikin asibiti. A Ingila tun 2013 akwai tsarin da likita ke iya tura mai fama da damuwa ko fargaba marar tsanani zuwa ɗakin karatu na gari, ya ari littafin da masana suka tantance, ya riƙa bi tare da kulawar da ake ba shi.

Yadda za a fara

Ku zaɓi lokaci ɗaya a kullum, minti 15 ya isa a farko. Bayan la'asar yana yi wa mutane da yawa daɗi saboda akwai haske, aiki kuma ya lafa. Wasu sun fi son bayan sallar isha, kafin kwanciya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yi kullum. Minti 15 kowace rana ya fi awa biyu ranar Juma'a kaɗai.

Ku zaɓi abin da ranku yake so, kuma wanda bai fi ƙarfinku ba. In kun buɗe shafi kuka ga kalmomin da suka gagare ku sun fi biyar, ku ajiye shi sai gaba, ku nemi mai sauƙi. Littafin da ya yi tsauri takaici yake ƙarawa. Tatsuniyoyi, tarihin annabawa da sahabbai, labarin garinku, waƙoƙi, littafin noma ko na kiwo, har littafin Hausa na 'yan firamare da ke cikin jakar jikanku, duk karatu ne. Ana samun littattafan Hausa a kasuwanni da bakin masallatan Juma'a, wasu masu shago ma haya suke bayarwa. A manyan birane akwai ɗakunan karatu na gwamnati, kamar na Murtala Muhammad da ke Kano. 'Yan aji kuma suna iya yin karo-karo su sayi littattafai biyar ko shida su riƙa musaya.

Ba kowane rubutu ne ke kwantar da hankali ba. Labarin kisa da tashin hankali, ko saƙonnin tsoratarwa da ake yaɗawa a WhatsApp, ba abin karantawa ba ne dab da barci. Ita kanta wayar, haskenta yana jinkirta barci, ga saƙonni suna ta shigowa suna yanke hankali. Da dare takarda ta fi. In kun lura wani littafi yana tayar muku da tsohon miki, ku rufe shi. Ba dole ba ne a gama kowane littafi.

Sai maganar ido, wadda ta kori mutane da yawa daga aji ba tare da sun san dalili ba. Daga wajen shekara 40 idon yawancin mutane yakan fara kasa ganin ƙananan rubutu a kusa. Mutum ya riƙa miƙa takarda nesa, kansa ya riƙa ciwo, sai ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. Alhali tabarau kawai yake buƙata. A je asibitin ido a gwada. A kuma zauna inda haske yake faɗowa kan takarda.

In da hali, ku riƙa karantawa da ƙarfi ga wani, ko jika ko miji ko mata ko tsohuwar da idonta ya yi rauni. In kun gama, ku tattauna: me ya sa wane ya yi haka, da ke ce ya za ki yi? Hirar da ke biyo bayan karatun ita kanta tana sanyaya rai.

Inda littafi bai isa ba

Wannan sashe ku riƙe shi da kyau. Akwai damuwar yau da kullum, akwai kuma ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ciwo ne kamar sauran cututtuka, ba raunin imani ba ne, ba abin kunya ba ne, kuma yana da magani. In baƙin ciki ya wuce mako biyu kullum ba sauƙi, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci suka rikice, ya kasa aikinsa, to lokacin ganin likita ya yi. Haka mai jego da ta shiga ƙunci ta kasa kula da jaririnta. In kuwa mutum ya fara jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yana maganar gara ya mutu, kada a jira ko kwana ɗaya, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A fara da asibiti mafi kusa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina sha don ya ji sauƙi, sai likita ya ce.

Aikin wannan mako

Ku tattauna a aji: wane tunani ne ya fi hana mutane barci a unguwarku? Wane lokaci ne a yini za ku iya keɓe wa karatu ba tare da aiki ya tsaya ba? Waɗanne alamomi ne ke nuna a kai mutum asibiti?

Sannan kowa ya buɗe sabon shafi a littafin rubutunsa, ya rubuta ranakun mako daga Asabar zuwa Juma'a. Kullum kafin ku fara karatu, ku rubuta kalma ɗaya da ke nuna yadda kuke ji, kamar gajiya, fushi, zullumi ko daɗi. In kun gama, ku sake rubuta wata a gefenta. Ranar da ba ku samu yi ba, ku bar wurin ba komai, ku ci gaba washegari. Ku zo da shafin ranar aji mai zuwa, tare da littafin da kuka karanta, domin kowa zai karanta mana layi uku daga wurin da ya fi so.