Yadda za ka nemi diyya idan kayan gyara marasa inganci suka jawo maka hatsarin babur

A yawancin garuruwan Kebbi, daga Birnin Kebbi zuwa Jega, Argungu, Kamba da Zuru, babur shi ne abin hawan kasuwa da gona da asibiti, kuma shi ne jarin dubban 'yan kabu-kabu. Idan wayar birki ta tsinke kwana kaɗan bayan an saka ta, ko sabuwar taya ta fashe a kan kwalta ba tare da ta taka komai ba, mutane sukan ce ƙaddara ce, su yi jinya da kuɗin aljihunsu, maganar ta mutu. Imani da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba, kuma dokar Najeriya ta ɗora wa wanda ya ƙera, ya shigo da, ko ya sayar da kaya mai aibi alhakin ɓarnar da kayan suka jawo.

Dokar da ta fi shafar wannan batu ita ce dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye. Sashe na 136 ya ce idan kaya mai aibi ya jawo rauni ko asarar dukiya, ko da shi ne wani ɓangare kawai na sanadin, wanda ya samar da kayan yana da alhaki, kuma ba sharaɗi ba ne wanda ya ji rauni ya kasance shi ne ya saya. Saboda haka fasinjan da ɗan kabu-kabu ya goyo, ko wanda ya ari babur ɗin maƙwabcinsa, shi ma yana da bakin magana. Sashe na 145 kuwa ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai samar da kayan idan aka yi zargin suna da aibi. Ko kafin wannan doka, a 1985 Kotun Ƙoli ta ɗora wa wani kamfani alhakin raunin da firij mai amfani da kananzir ya yi wa wata mata bayan ya fashe, duk da cewa kamfanin sayarwa ya yi, ba shi ya ƙera ba.

Abu na farko bayan hatsari shi ne asibiti, ko da raunin ya yi kama da ƙarami, domin bugun kai da zubar jini na ciki ba sa nuna kansu nan take. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake bukatar kulawar gaggawa. Ka adana katin asibiti, takardar magani, hoton ƙashi da rasit ɗin duk abin da ka biya. Da yawa daga cikinmu sun fi yarda da mai ɗori idan karaya ce, amma mai ɗori ba ya ba da takarda, kuma rahoton likita ne alƙali zai duba ya san girman raunin. A sanar da 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra na FRSC a ranar, domin a samu rubutaccen bayani na wuri da lokaci.

Mataki na biyu shi ne wanda ake yawan yin sakaci da shi, kuma a ganina a nan ne akasarin masu gaskiya suke rasa haƙƙinsu. Kada ka bari a gyara babur ɗin, kuma kada ka bari bakanike ya jefar da abin da ya lalace ko ya sayar wa 'yan gwangwan. Wayar birkin da ta tsinke, sarƙar da ta katse, tayar da ta fashe, ko ƙarfen gaba da ya karye, shi ne babban shaidarka. Ka sa a ɗauki hotonsa yana jikin babur kafin a kwance, sannan a ajiye shi yadda yake, ba wanki, ba walda, tare da kwalinsa ko ledarsa idan suna nan. Idan taya ce, ka duba lambobi huɗu da ake bugawa a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, ta yadda 1219 na nufin mako na 12 na 2019. Tayar da ta daɗe a ajiye takan bushe ta tsattsage ko da ba a taɓa hawanta ba, kuma sayar da ita a matsayin sabuwa hujja ce mai ƙarfi. Idan mai shago ya ce ka kawo masa ya musanya maka da wata, kada ka miƙa masa, domin daga nan ba ka da abin nunawa.

Sai kuma tabbatar da inda kayan suka fito. 'Yan sifiya da yawa ba sa ba da rasit sai an nema, shi ya sa ya kamata nemansa ya zama ɗabi'a. In babu rasit, saƙon banki na tura kuɗi, takardar POS, ko shaidar bakaniken da ya raka ka ko ya saya maka duk suna iya tsayawa. Ɗan ƙaramin shago a Jega wataƙila daga wani dila a Kano ko Nnewi ya saro, shi ma daga mai shigowa da kaya, don haka ka nemi sunan kowa a wannan layi, saboda na sama su ne suka fi ƙarfin biya.

Dole ne kuma ka tambayi kanka gaskiya game da sanadin hatsarin, tun da ɗaya ɓangaren zai tambaya. Idan bakanike ne ya ɗaura birkin ba daidai ba, alhakin ya koma kansa. Idan ka lafta wa babur buhunan shinkafa fiye da ƙarfinsa, ko ka goya mutum uku, ko kana gudun wuce kima babu hular kwano, kotu tana iya rage diyyar gwargwadon naka sakacin. Ka samu wani ƙwararren bakanike wanda ba shi da alaƙa da mai shagon ya duba kayan ya faɗi ra'ayinsa a rubuce.

Da hujjoji a hannu, ka fara da rubuta wa mai sayarwa takarda mai kwanan wata, ka bayyana abin da ya faru da abin da kake nema, ka riƙe kwafi. Doka ta ba ka damar mayar da kaya marasa inganci cikin wata uku a gyara, a musanya ko a maido maka da kuɗinka, amma kuɗin kayan daban, diyyar rauni daban, kuma rubutun da ake yi a rasit cewa ba a mayar da kayan da aka saya ba ya soke haƙƙinka. Sulhu ta hannun shugabannin kasuwa, ƙungiyar 'yan kabu-kabu ko mai unguwa hanya ce mai kyau kuma mai sauri, kuma fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na jihar suke bi ya san mayar da kaya saboda aibi. Sai dai kada ka sa hannu a kan yarjejeniya kafin likita ya san iyakar raunin, kuma a rubuta abin da aka amince a gaban shaidu.

Idan sulhu ya ci tura, ka kai ƙorafi ga FCCPC, sannan ka sanar da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, wadda take da ikon kwashe jabu daga kasuwa kafin su kayar da wani. Don neman diyyar jinya, kwanakin da ka rasa ba aiki, gyaran babur da naƙasa idan ta samu, lauya ne zai nuna maka kotun da ta dace, kuma wanda ba shi da hali ya tuntuɓi ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya. Shigar da ƙara yana da wa'adi a doka, saboda haka ka ga lauyan tun kana jinya, ko ka tura ɗan'uwanka da takardun.