Yadda Ake Shirya Jinin Mai Sankarar Jini Domin Gwajin BCR-ABL

Nau'in sankarar jini da likitoci ke kira CML yana samo asali ne daga musanyar wuri tsakanin wani yanki na kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin halitta a cikin ƙwayoyin jiki) na 9 da na 22, wadda ke haifar da gurɓatacciyar ƙwayar halitta mai suna BCR-ABL, shi kuma ya sa ɓargo ya riƙa fitar da fararen ƙwayoyin jini ba ƙaƙƙautawa. Tun da aka amince da maganin imatinib a 2001, auna yawan BCR-ABL ne ke nuna wa likita ko magani yana ci. Abin da ake aunawa kuwa RNA ne, wato kwafin saƙon da ƙwayar halitta ke fitarwa, mai saurin lalacewa, don haka ma'aikacin ɗakin gwaji a Kaduna ya kamata ya ƙware a shirya jinin, ko da wani gari za a aika da shi.

Da farko a ɗebi jini kamar mililita 10 a kwalba mai murfi launin shunayya, wadda ke ɗauke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa. Mai koren murfi ba ta da amfani a nan, domin sinadarin heparin da ke cikinta yana hana gwajin PCR, wanda da shi ake auna BCR-ABL, tafiya. A jujjuya kwalbar a hankali ba tare da girgizawa ba, a rubuta suna da lambar asibiti da sa'ar da aka ɗiba, sannan a sa ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a firiza ba. Gara a fara aiki kafin sa'a 24 ta cika, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ƙanƙarar kula ke narkewa tun kafin mota ta kai Zariya.

Daga nan sai a zuba ruwan da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, a bar shi kamar minti 10, a juya a na'urar santirifuj. Fararen ƙwayoyin za su kwanta a gindin kwalba kamar ɗigon koko. Idan da sauran ja a jikinsu, a maimaita wankin. Sai a narkar da su a TRIzol, sinadarin da ke fasa ƙwayoyin ya kuma kare RNA, a ƙarƙashin murfin zuƙe iska, domin sinadarin yana ƙona fata. A wannan gaɓar ce kawai za a iya dakatawa, a adana a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, muddin an tabbatar janareta zai tashi idan aka ɗauke wuta.

Wajen tace RNA, a ƙara kulorofom a sake juyawa, a tsotse ruwan sama mai haske kaɗai, kada bakin fifet, wato bututun tsotsar ruwa, ya taɓa farin layin da ke tsakiya. A ganina ya fi a bar ɗan ruwa a baya da a yi kwaɗayin kwashe duka. A sauya safar hannu akai-akai, domin fatar mutum tana ɗauke da sinadarin da ke cinye RNA. Bayan wanki da etanol, awon tsabtar RNA da na'urar auna haske ke bayarwa, wato 260/280, ya kamata ya kusanci 2.0.

Sai a mayar da RNA zuwa cDNA, wato kwafinsa na DNA wanda PCR ke iya aiki da shi, a haɗa kayan PCR a ɗaki daban da inda ake buɗe samfurin marasa lafiya, a kuma auna ABL1, ƙwayar halittar da kowane mutum ke da ita, tare da BCR-ABL a matsayin shaidar cewa RNA ɗin ya isa kuma bai lalace ba. Idan ABL1 bai kai kwafi 10,000 ba, kada a rubuta wa likita cewa ba a ga cuta ba, a nemi a sake ɗibar jini.