Darasi na 7: Mazubin rubutu da mazubin i ko a'a

Ku tuna littafin rasit na ƴan kasuwar Tawa. Daga maɗaba'a yake zuwa da gurabe, mai shago ne yake cikewa. Shafin intanet ma haka ne. Babbar kwamfutar da ke ajiye shafin, wadda ake kira saba, ita take cike guraben kafin shafin ya iso wayar mai karatu. Abin da za ta zuba a kowane gurbi yana ajiye cikin mazubi mai suna. A PHP, yaren da ake ba saba umarni da shi, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, sunan mazubi da alamar $ yake farawa.

A ce ƙungiyar masu sayar da albasa ta buɗe shafi:

$kaya = "albasar Galmi";
$akwai = true;

Na farko mazubin rubutu ne. Rubutun da ke tsakanin alamun zancen, shi saba za ta ajiye cikin mazubin. Mu masu Hausa sai mun yi hattara a nan. PHP ta yarda da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, amma in kuka rubuta 'sana'a', alamar da ke tsakiyar kalmar za ta rufe rubutun tun bai ƙare ba, shafi ya ƙi buɗewa. Ku riƙa sa mai ƙwaya biyu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ ɗ ƙ ƴ, su kuma sai an adana fayil da tsarin haruffa da ake kira UTF-8 suke fita daidai.

Na biyu ana kiransa buliyan, daga sunan George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rasu a 1864. Abu biyu kaɗai yake ɗauka: true, wato i, ko false, wato a'a. Da shi saba take yanke shawara: in $akwai ya ce i, ta nuna farashin buhu, in ya ce a'a, ta rubuta "kaya sun ƙare".

Ga inda nake so ku tsaya sosai, domin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Albasa ta ƙare, sai mutum ya rubuta:

$akwai = "false";

Da ya sa alamun zance, ya mai da shi rubutu. PHP kuwa duk rubutun da ba fanko ba tana ɗaukarsa i ne, ban da "0" kaɗai. Shafi zai ci gaba da cewa akwai kaya, ɗan kasuwa ya biya kuɗin mota tun daga Yamai ya tarar da rumbu wayam.

Aiki: a littafinku ku rubuta mazubi biyu na shagon tela, ɗaya na irin ɗinkin, ɗaya na ko an gama. Ku ba na kusa da ku ya duba inda kuka sa alamun zance.