Darasi na 9: Allura da Ragowar Magani a Ɗakin Jinya

Duk inda ake jinya, shara iri biyu ke fita. Akwai ta yau da kullum, kamar leda da kwalin magani da ragowar abinci. Akwai kuma mai cutarwa: allurar da aka yi aiki da ita, reza, auduga mai jini, da maganin da ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibitoci ba ta da haɗari. Sauran kashi 15 ɗin ne abin tsoro, balle in aka cakuɗa shi da sharar gida.

Allura ita ce ta fi ɓarna. Mai ciwon suga da ke yi wa kansa allurar insulin yakan tara su da yawa a wata guda. In aka watsa su a bola, yaron da ke wasa babu takalmi zai taka, ɗan jari-bola mai tonon shara da hannu zai soke yatsa. Ɗan jinin da ya maƙale a bakin allura yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ko ta ƙanjamau.

In kun je asibiti, ku duba gefen mai yin allura. Za ku ga kwali mai ruwan ɗorawa da 'yar kafa a samansa. Nan ake jefa allura da zarar an zare ta. Ba a mayar mata da murfi, domin a wajen rufewar nan take yawan soke mutum. A gida ku nemi galan mai kauri da murfi, ku rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe: ALLURA, KADA A TAƁA. Robar lemo ba ta yi ba, allura na huda ta, kuma wani zai iya tsinta ya ɗura zoɓo. Kafin galan ya cika, in ya kai kashi uku cikin huɗu, ku rufe shi da kyau ku kai wa ma'aikatan asibiti mafi kusa.

Wanda allura ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Kada ya matse, kada ya tsotsa. Ya je asibiti a ranar, don maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72.

Sai magani. A jikin kwali akwai haruffa uku, EXP, da lambobi a gabansu. EXP 08/2026 na nufin wa'adin maganin yana ƙarewa a ƙarshen watan takwas, wato Agusta, na shekarar 2026. Amma buɗewa tana rage kwanakin wasu. Garin amoxicillin na yara, da zarar an haɗa shi da ruwa, mako ɗaya zuwa biyu yake yi, ɗigon ido kuma galibi mako huɗu.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu bari: miƙa wa maƙwabciya ragowar maganin yaro don nata ma yana zazzaɓi. Zumunci ne, amma ciwon ba lallai ya zama ɗaya ba, nauyin yaran ma ba ɗaya ba. Ragowar magani ba a zuba ta a kwata ko kusa da rijiya. Ku kai ta wurin mai ba da magani a asibiti. A Najeriya, hukumar NAFDAC ce ke kula da lalata magungunan da suka lalace.

Aiki: ku kawo kwalin magani biyu daga gida a darasi na gaba. Kowa zai karanta watan da shekarar da ke jiki, ya rubuta su a littafinsa.