Yadda ake yada zango da mota mai ɗakin kwana a ƙananan filayen Birtaniya

A Birtaniya akwai ƙananan filaye, da yawansu a gonaki, waɗanda ƙungiyar Caravan and Motorhome Club ke ba wa izini. Mota biyar kacal ake karɓa a lokaci guda, ta 'yan ƙungiya kaɗai, kuma ba a wuce kwana 28.

1. Kira mai filin tun da wuri ka kama gurbi. Tambaye shi ko akwai lantarki, don ba kowane fili ke da shi ba.

2. Isa da sauran rana, hanyoyin ƙauye matsattsu ne.

3. Kafin ka shiga ciyawa, sauka ka taka ta da ƙafa. Ruwan sama ba ya wuya a can, mota mai nauyi kuwa nan da nan take kafewa a laka. Bar tazarar mita 6 tsakaninka da maƙwabci saboda gobara.

4. Sa katako ƙarƙashin tayoyi har motar ta daidaita. In ta karkace, firiji mai gas ba ya sanyi sosai.

5. Warware wayar wuta gaba ɗaya, jona ta a motar tukuna, sannan a sandar lantarkin filin. Kada ka yi sakaci da wannan, waya a naɗe zafi take yi.

6. Da safe juye tankin bayan gida a ramin da aka ware masa kawai.