Yadda direban tsere ke sa a saita masa mota

Motar Formula 1 cike take da na'urori masu auna zafi, gudu da girgiza, amma babu wadda za ta gaya wa injiniya ko direba ya amince da motar idan ya tunkari kwana. Wannan sai daga bakin direban. Ga yadda ake bi.

Fara tun kafin ka je fili. A zamanin shahararren direba Michael Schumacher, tawagarsa ta Ferrari kan wuni tana gwaji a filinta na Fiorano da ke Italiya. Daga 2009 aka hana yawancin gwaji a tsakiyar kakar tsere, shi ya sa yanzu a na'urar kwaikwayon tuƙi ake fitar da saitin farko.

Mataki na biyu shi ne atisayen Juma'a, kuma nan ne gwani ke bambanta da mai ƙafar totur kawai. A yawancin makonni zama biyu ne, kowanne awa ɗaya, ba lokacin ɓatawa. Raba kowace kwana gida uku: shiga, tsakiya, fita. "Motar ba daɗi" ba bayani ba ne, injiniya ba zai ɗaure ko noti ɗaya da shi ba. Ka ce masa a kwana ta huɗu, da ka saki birki, gaban ya ƙi juyawa, motar na zarcewa waje. Ko kuwa da ka taka totur a fita, bayan ya zame. Sai ya ɗora maganarka kan abin da kwamfuta ta naɗa, a ga inda suka dace.

Na uku, a canza abu ɗaya a lokaci guda. In an ƙara wa fukafukin gaba, wato farantin hancin mota da iska ke dannawa ƙasa, kusurwa, gaban zai kama ƙasa, amma bayan na iya sakewa. In aka taɓa fukafuki da sifirin da iskar taya tare, wa zai san wanda ya yi aiki? Filin ma yana da ta cewa: Monaco na son babban fukafuki, Monza ƙarami.

Kada ka kwafi saitin abokin tawagarka ido rufe. Max Verstappen na son gaba mai kaifin juyawa, kuma Alex Albon ya sha wuya da irin wannan mota lokacin da yake abokin tawagarsa a Red Bull.

Na huɗu, a zuba mai da yawa ka yi doguwar tafiya. Motar da ta yi kyau zagaye ɗaya tana iya cinye tayoyin Pirelli kafin rabin tsere.

Sannan ka yanke shawara kafin zagayen neman gurbi, inda ake tantance wurin da kowa zai fara tseren. Da zarar ka fita gareji a nan, doka ta kulle saitin, sai ƙananan abubuwa kamar kusurwar fukafukin gaba. Wanda ya taɓa sifirin bayan haka, daga layin gareji zai fara tseren.