Kurakuran da ɗalibanmu suka fi yi game da hanyar zama alƙalin kotun tarayya a Amurka

Ɗalibin shari'a a Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa ya san hanyar alƙalanci a Kamaru: ya gama karatu, ya ci konkur, wato jarrabawar gasa, na shiga ENAM, makarantar horar da alƙalai da jami'an gwamnati da ke Yawunde, a horar da shi, sannan shugaban ƙasa ya naɗa shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna Amurka da wannan ma'auni, har wasu su riƙa tambayar lokacin da ake rubuta jarrabawar alƙalai a can. Babu irin wannan jarrabawa ga alƙalan kotunan gunduma na tarayya, waɗanda su ne ke fara sauraron ƙara a gundumomi 94 na ƙasar. Shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunan mutum, kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa ya yi masa tambayoyi, majalisar ta kaɗa ƙuri'a, kuma idan ya samu amincewa, kujerar tasa ce muddin ransa, sai dai idan ya yi murabus ko an tsige shi. Bisa al'ada, sanatocin jihar da kotun take su ne ke da babbar murya wajen zaɓen sunan, don haka siyasa na da hannu a ciki, ko da masu koyar da darasin ba su cika son faɗa ba.

Daga nan sai batun karatu. Mu nan daga bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ake shiga sashen shari'a kai tsaye, amma a Amurka sai mutum ya yi digirin farko na shekara 4 a kowane fanni, sannan ya yi shekara 3 a makarantar lauyoyi, ya kuma ci jarrabawar lasisin lauya ta jihar da zai yi aiki. Mai lisans ko masta daga Kamaru ko Chadi yakan ɗauka cewa digirin LLM, wato masta na shari'a na shekara guda a Amurka, ya wadatar, alhali wasu jihohi ne kawai, kamar New York, ke barin mai irin wannan takarda ya zauna jarrabawar, shi ma bayan sun tantance karatunsa na gida. Gyaran shi ne a karanta sharuɗɗan jihar tun kafin iyaye su sayar da shanu don biyan kuɗin makaranta.

Akwai kuma kuskuren gaggawar neman muƙamin. Kundin tsarin mulkin Amurka bai gindaya sharaɗin shekaru ko na digiri ga wannan muƙami ba, amma ƙungiyar lauyoyi ta ƙasar, ABA, wadda ke auna cancantar waɗanda aka gabatar, tana son ganin aƙalla shekara 12 na aikin lauya. Da yawa daga cikin alƙalan gunduma sun fara ne da taimaka wa wani alƙali wajen bincike, suka yi aikin gabatar da ƙara ko kare waɗanda ake tuhuma, wasu kuma suka riƙe alƙalanci a kotun jiha.

A kula kada a haɗa alƙalan gunduma da alƙalan majistare na tarayya, waɗanda alƙalan gunduma ne da kansu ke naɗa su na wa'adin shekara 8 mai sabuntuwa, ba tare da an bi ta Majalisar Dattawa ba.